Layin Kamfani

Kwana uku babu sabis a unguwar, wata tela kuma ta gaji da ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ta rufe shago ta nufi gindin doguwar eriyar da ke bayan layinsu. A can ta hango mutum maƙale a sama da igiya a ƙugu.

"Malam! Gyara kake yi ko shan iska?"

Ya sauko yana share gumi. "Batiran sun mutu, kamfani ya ce babu sababbi. Dabara nake yi."

"Matan da nake wa ɗinki ta waya suke turo awo. Dabararka za ta ɗinka musu?"

Ya yi dariya. Ita ma ta so ta riƙe fuska, abin ya gagara. Tun ranar ya sa mata suna Mai Ƙorafi, ita kuma take kiransa Ɗan Sama.

Wata takwas suna tare. Duk eriyar da ya hau sai ya turo saƙo:

"Mai Ƙorafina, daga nan ina hango rufin shagonki. Kin ci abinci?"

Ta mayar: "Riƙe ƙarfen da hannu biyu, Ɗan Sama. Ni kaɗai ke da izinin kayar da kai."

Amma kamfanin sai ƙara ramewa yake. Aka rufe ofisoshi, aka kashe eriyoyin da ba sa kawo riba. Babanta yana jin labarin a rediyo, kuma ga wani mai kantin magani da ke ta turo gaisuwa.

"Ba zan tilasta miki kowa ba," in ji Baba. "Amma aikin yaron nan mutuwa yake yi. In da gaske yake, ya turo manyansa ranar Asabar. In rana ta faɗi ban ga kowa ba, kada ya sake taka mini ƙofa."

Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Masoyina, Baba ya ce Asabar ko a bar maganar har abada. Don Allah ka zo da Kawu. Ina jin tsoro."

Saƙon bai shiga ba. Ta kira, a kashe. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Ta yanka yadin mutane ba daidai ba har sau biyu. Yayarta ta taɓe baki ta ce, "Ya ji zancen aure ya gudu, haka suke."

Da safiyar Asabar ta tafi ofishin kamfanin. Rabin teburan babu kowa, an ma kwashe kujerun. Da ta tambayi inda yake, matar da ke teburin karɓar baƙi ta dube ta da tausayi.

"Ai Litinin aka sallame su, mutum arba'in. Layin ma'aikata ne a hannunsa, ranar aka rufe shi. Gwada kasuwar waya."

Shekara bakwai yana gyara wa duniya sabis, bawan Allah nan bai taɓa sayen layin kansa ba.

Ta same shi a wata rumfa, ya sunkuya kan buɗaɗɗiyar waya da ɗan sukurdireba. Da ya gan ta ya miƙe, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na so in samu abin yi tukuna, sannan in zo miki da fuskata."

"Fuskarka na ce ina so, ko albashinka?" Hawaye suka zubo mata. Ta miƙa masa wayar. "Karanta. Yau ce Asabar."

Ya karanta. Sukurdireban ya faɗi ƙasa.

Kawun yana can ƙarshen gari, motar haya kuma ta lalace musu a hanya. Ita tana tsaye a taga tana kallon inuwar katanga tana tsawo. Rana ta yi ja sosai kafin a yi sallama a ƙofar gida.

Kawu ya gyara murya ya fara, "Yaronmu ma'aikacin kamfanin waya ne..."

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji Ɗan Sama. "Baba, an sallame ni ranar Litinin. Gyaran waya nake yi a rumfar aro. Na ɓoye mata don kunya, ba zan ɓoye maka ba."

A bayan ƙofa Mai Ƙorafi ta dafe ƙirji, ta san shi ke nan.

Baba ya ɗago ya dube shi.

"Ni ma'aikacin wayar tangaraho ne," ya ce a hankali. "Da wayar hannu ta zo, aka watsar da mu. Wata biyu ina sa kaya da safe ina fita, don kada uwarta ta sani. Kai kwana biyar ka yi."

Daga ciki Mama ta ɗaga murya: "Wata uku ne, Malam. Kuma tun ranar farko na sani."

Kawu ne ya fara fashewa da dariya. Baba ya share ido da bakin riga ya ce, "Na ba ka ita."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Amarya ta ɗinka kayanta da hannunta, ango ya sa allon rumfarsa da kansa. Da za a tafi da ita, Mama ta kama hannayensu ta haɗa.

"Ranar daɗi da ranar wuya, ku riƙa faɗa wa juna da wuri. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya rufa muku asiri."

Duk gidan suka amsa da amin.