Tsatsar Bambar Baba

"Ylva, ajiye takardar nan ki dube ni!"

Ba ta ɗago ba. Tana durƙushe gaban tsohuwar motar mahaifinta a gareji, tana tsoma dunƙulen takardar alminiyom cikin ruwan tsami, tana goga bamba, wato ƙarfen gaban motar, a hankali. Jan ruwan tsatsa na bin yatsunta.

"Ina jin ka, Joar."

"Ba kya ji na! Sun ba ni aikin haƙar ma'adinai a Kiruna, har da gida. Yau zan bi jirgin ƙasa. Ki biyo ni mu yi aurenmu, masoyiyata."

"Baba fa?"

"Akwai gidan kula da tsofaffi a Rättvik, sai mu…"

"Kar ka ƙarasa!"

Tun rasuwar mahaifiyarta Majken, hankalin Baba Göte ya soma gushewa. Abu ɗaya ya riƙe: sai motar nan ta yi sheƙi kafin zagayen tsofaffin motoci na lokacin ɗumi, don a tunaninsa Majken za ta zauna a gaba. Kullum sai ya ɗauko soson ƙarfe ya dirje bambar iya ƙarfinsa, ya kankare farin ruwan kurom ɗin da ke sa ta sheƙi, damshi ya shiga, tsatsa ta sake tsirowa. Shi da ya koya mata tun tana ƙarama cewa kurom lallashi yake so! Ita kuwa sai ta bi bayansa tana gyarawa, don kada ya ga ɓarnar hannunsa.

Joar ya durƙusa kusa da ita, ya zare takardar daga hannunta.

"Kawo in taya ki. Dubi yadda yatsunki suka tsage. Da ni kike gogawa haka, ai da tuni na zama madubi."

Dariya ta kufce mata, hawaye na biye.

"Kai dai ba ka da kunya…"

"Ina da ke. Ki ce za ki zo, zuciyata, ko ba yau ba."

Ta buɗe baki ke nan ƙofar gida ta yi ƙara. Baba Göte ya shigo cikin rigar barci, ya yi turus.

"Kai! Wane ne kai? Cire hannunka daga motar matata!"

"Ni ne Joar, Baba. Tare da ni muka ɗaura injin nan."

"Ɓarawo!"

Kafin Ylva ta miƙe, tsohon ya suri sifana ya kai masa duka. Goshin Joar ya fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya.

Ta rungume mahaifinta ta baya. Sifanar ta faɗi. Ya dubi jinin, ya dubi hannunsa, ya waiwayo gare ta.

"Ylva… kin san shi? Na san shi?"

Ta san abin da zai biyo baya in ta ce e. Duk ranar da ya gane ya manta wani nasa, sai ya kwana biyu yana kuka, ba ci ba sha, yana roƙon mutuwa. Balle yau da ya zubar da jini.

"Faɗa masa," in ji Joar. "Faɗa masa ni ne wanda za ki aura. Ko sau ɗaya, Ylva, ki zaɓe ni!"

Ta dubi Joar, ta daɗe tana dubansa.

"Ba mu san shi ba, Baba. Ɓatan hanya ya yi… yanzu zai tafi."

Joar ya miƙe. Ya dafe goshinsa, ya ɗauki jakarsa, ya fita. Tana jin takunsa a kan tsakuwa har ya ɓace.

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa kanta.

"Yauwa, 'yar albarka. Rufe ƙofar nan, sanyi na shigowa."

Ta je ta rufe.