Ɗakin Da Muka Cika Ta Waya

Kwana goma sha biyu da ɗaura aurena da mai kemis, ina zaune a ƙasa tsakanin kwalayen da ban gama kwancewa ba, littafina na Koriyanci a cinya, waya a kunne. Hantsi ne, maigidan ya fita shago.

Na san abin da nake yi bai dace da matar aure ba. Muryarta kawai nake so in ji, muryar matar da ta raba ni da Tartsatsi.

Tartsatsi mai walda ne. Ni na raɗa masa sunan tun yana aiki a bakin layinmu, don duk rigunansa huji ne na wuta. Shekara biyu da suka wuce wani kamfanin ƙera jiragen ruwa ya ɗauke shi aiki a can nesa, ƙasar masu Koriyanci, muka yi alkawarin idan na ci jarrabawar harshen za a ɗaura aure in bi shi. Shi ya sa kullum in na tashi daga shagon ɗinki nake hawa bene na uku, in zauna aji da zare a jikin mayafina.

Ranar da malamarmu ta koya mana akwai da babu, jakarta ta zazzage a kan tebur. Ta ɗaga biro, ta ce issoyo. Ta ɓoye shi a bayanta, ta ce opsoyo. Da wannan kalma ake cewa babu, da ita ake cewa ba ni da shi, da ita ake cewa mutum ba ya nan.

Da na gaya wa Tartsatsi, sai ya mayar da darasin wasa. Duk ranar hutunsa yakan juya kyamara ya zagaya ɗakinsa, ni kuma in yi ta tambaya. Madubi? Opsoyo. Labule? Opsoyo. Tukunya akwai, amma murfinta opsoyo, da faranti ake rufe ta. Kowane mako sai ya sayi abu ɗaya, ni kuma in soke shi a bayan littafina. Haka muka cika ɗakin nan tare, ina nan yana can.

Tambayata ta ƙarshe kullum ɗaya ce: mata fa?

“Opsoyo, ɗalibata… tana can tana yi wa yaren mutane kisan gilla.”

A gida kuwa ba mai dariya. Yaya ya ce shi bai taɓa ganin auren waya ba, ga abokinsa mai kemis da gida da mota yana ta zarya. Umma ba ta faɗa, sai dai ta tuna min ƙannena biyu sun riga ni aure.

Sai Tartsatsi ya yi shiru. Mako uku, ba kira ba saƙo.

A mako na huɗu Yaya ya miƙo min wayarsa. Hoto ne, daga kafaɗa zuwa sama: Tartsatsi ya jingina da matashi, wani farin hannun mace yana ba shi abinci a baki. Yaya ya ce ya yi aure a can, kowa ya sani sai ni. Washegari saƙon Tartsatsi ya shigo, layi ɗaya: “Ki yafe min, ki yi aurenki.”

Ban tambaya ba, ban kira kowa ba. Zuciya ta ɗebe ni, na toshe lambarsa, da bakina na ce wa Yaya na amince. Ba wanda ya tilasta ni, wannan shi ne abin da ya fi ci na har yau.

To ranar nan ina kwance kwali sai ga littafin, a bangonsa lambar gidan da ma’aikata ke kwana, wadda Tartsatsi ya ba ni saboda ɓacin rana. Ita na kira.

Wata dattijuwa ta ɗauka, mai kula da gidan. Na haɗa ƴan kalmomina, na faɗi sunansa, na tambaya ko yana nan.

“Opsoyo.”

Na tambayi matarsa.

Ta maimaita kalmar kamar ba ta ji daidai ba, sannan ta ce ba shi da mata. Sau biyu ta faɗa. Sai ta tambaya ko ni ce mai madubi.

Daga nan ta shiga zuba, na kasa kamo komai, na roƙe ta ta bi a hankali. Ta koma yi min magana kamar yadda ake yi wa yaro, kalma ɗaya-ɗaya. Aiki. Inji. Asibiti. Duk na san su, suna darasi na tara. Sai ta faɗi kalmar hannu, ta ƙara da kalmar dama.

“Opsoyo,” ta ce.

Ta ce ita ta riƙa ba shi abinci a asibiti. Na tuna farin hannun nan na cikin hoto. Da na tsaya na duba da kyau, da na ga tamojin tsufa a jikinsa.

Ban san sanda wayar ta faɗi ba. Na yi kuka har numfashina ya sarƙe, ina kallon bayan littafin, an soke komai sai layi ɗaya, layin mata.

Da mai kemis ya dawo cin abincin rana na tare shi a ƙofa. Bai ma yi musu ba. Ya ce abokin ɗakin Tartsatsi ya kira Yaya tun ranar da abin ya faru, ya turo hoton cikakke, da bandeji da ƙarin ruwa, shi da Yaya suka yanke hoton daga kafaɗa. Yaya ne kuma ya kira Tartsatsi a gadon asibiti ya ce in yana sona da gaske ya haƙura da ni.

“Don ke muka yi, amarya,” ya ce yana wanke hannu. “Me za ki yi da mai walda marar hannu?”

Na kai ƙara wurin Umma. Ta share hawaye, ta ce in rufa mata asiri, aure ya riga ya ɗauru.

Bayan wata biyu sakamako ya fito. Na ci jarrabawar, ni ce ta biyu a ajinmu. Mai kemis ya kai ni in karɓi takardar, ya tsaya a mota.

Ina saukowa na ga Tartsatsi a ƙasan bene. Ya rame, ya yi duhu, an naɗe hannun rigarsa na dama an maƙale da fil. Ya matse wani ƙunshi a hammata. Ya ce wurin malama ya kawo ta ajiye min, bai san zan zo ba.

“Ɗalibata…”

Na kasa ɗaga kai. Na ce ya yafe min, ban sani ba, wallahi ban sani ba. Ya ce ya sani, dattijuwar ta gaya masa na kira, har ta yaba Koriyancina. Ya yi ɗan murmushi, ya miƙo min ƙunshin da hagu.

Sannan ya yi min tambayar da malama ke yi mana a aji, a hankali, don in gane kowace kalma: ko ina da lokaci, ko minti biyar ne.

A waje mai kemis ya danna hon, ya sake dannawa.

Na ɗago na dube shi sosai, karo na farko cikin shekara biyu ba ta gilashin waya ba.

“Opsoyo,” na ce.

Ya gyaɗa kai, ya matsa gefe ya ba ni hanya.

A mota mai kemis ya tambayi abin da ke cikin ƙunshin, na ce kayan aji ne. Ban buɗe ba, ina jin faɗin madubin da sanyinsa ta cikin takarda. Igiyar da aka ɗaure shi da ita na yi ta kallo har muka isa gida. Ƙullin a karkace yake, bakinsa ɗaya duk sawun haƙori.