Magen da Ta Kusa Raba Aure

"Ina magena?"

Mashkura ce tsaye a ƙofar gidansu da ke Gwarinpa, tana huci, mayafi na zamewa daga kafaɗarta. Abdulbaƙi, wanda saura mako uku a ɗaura musu aure, ya fito daga sabuwar motarsa ya tsaya sororo.

"Haba Zinariyata, ko gaisuwa..."

"Kar ka ƙara ce mini Zinariya! Ina Sanata?"

Sanata farar mage ce da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata. Abbanta ne ya raɗa mata sunan, wai ba ta da aiki sai ci da barci a kujerar da ta fi kowace laushi. In ta ga kofi a bakin tebur, sai ta kalli mutum ido cikin ido ta ture shi. Amma tun ranar da aka fita da gawar Umma, ita ce ke kwanciya a ƙafafun Mashkura har ta daina kuka.

Shekaranjiya aka kawo lefe. Ana buɗe akwatin farko Sanata ta faɗa ciki ta baje kan leshi, daga baya kuma ta ajiye mataccen ƙadangare cikin takalmin Anti Rekiya, yayar ango. Mata suka yi ta dariya. Anti Rekiya ba ta yi ba.

"Gidan ƙanena ba gidan mayu ba ne," ta faɗa tana karkaɗe takalmin.

Yau kuma an nemi Sanata an rasa.

"Thaddeus, faɗa masa abin da ka gani!"

Maigadin ya sosa ƙeya. "Oga, direban Anti ne. Ya sa shi a buhu, ya sa a but ɗin mota."

Abdulbaƙi ya zaro wayarsa ya kira yayarsa. Muryarta har kunnen Mashkura.

"E, ni na sa a yar da ita can Abaji. Ba kai ka ce ta ishe ka ba? Gata na yi maka!"

Mashkura ta tsare shi da ido.

"Ka faɗa?"

"Wallahi wasa nake... ranar da ta yaga mini hula ne..."

"Wasa! Da abin da uwata ta bar mini kake wasa? Ku zo ku kwashe akwatunanku. Na fasa!"

Ta buga ƙofa da ƙarfi.

Ranar ko ruwa ba ta iya haɗiya ba. Abba ya lallashe ta har ya gaji.

"Yanzu a kan mage za ki kashe aurenki, Mashkura?"

"Abba, wanda bai ji tausayin abin da ba ya magana ba, ni zai ji tausayina?"

Washegari da la'asar Abdulbaƙi ya yi sallama. Ta fito da niyyar zazzaga masa sauran, sai ta ga yadda ya koma.

Shaddarsa ta yi buɗu-buɗu, hannun riga a yage, karce uku a kumatu. A ƙirjinsa kuwa Sanata ce, tana lasar baki.

"Tun jiya nake Abaji," ya ce a gajiye. "Rumfa-rumfa na bi ina kiran Sanata, har mutane suka ɗauka kamfe nake. A bayan wata mai suyar kifi na same ta, ta ƙoshi har ba ta iya gudu. Duk da haka kin ga abin da ta yi wa fuskata."

Mashkura ta miƙa hannu tana hawaye.

"Zo, 'yar Ummana..."

Sanata ta kalle ta sheƙeƙe, ta yi hamma, ta ƙara lafewa a jikin Abdulbaƙi.

"Butulu! Ni na ƙi cin abinci saboda ke!"

Dariya ta ƙwace masa, ita ma ta ƙwace mata a tsakiyar kuka.

"Na kai ƙarar Anti wajen Hajiyarmu," ya ce a hankali. "Ku biyu zan ɗauka, ko kuwa babu. Kin yafe mini?"

"Zauna in wanke maka ciwon tukuna, Masoyi."

Ranar kai amarya, Hajiya da kanta ta ɗora wa Anti Rekiya kwandon Sanata a cinya. Daga Gwarinpa har Apo Anti ba ta ce uffan ba.

Sanata ce ta yi ta magana.