Jesin Bahaguwa

Shekara tara Koci ya yi yana horar da wata ƙungiyar mata ta ƙwallon kwando a rukuni na uku, rukunin da ko 'yan jarida ba su san da zamansa ba. Filinsu siminti ne da ya tsattsage, kwandon a ɗaure da waya, 'yan kallo kuwa ba za su cika motar haya ɗaya ba. 'Yan wasansa mata ne masu neman na kansu: wata tela, wata ma'aikaciyar jinya, wata mai sayar da katin waya. Su wasan suke so tsakani da Allah. Shi kuwa gogan naku ya daɗe da daina son wasa, abin da ke bayan wasan yake hange. Da wani kamfanin lemo ya yi shelar cewa ƙungiyar da ta haye rukuni na biyu a bana zai ɗauki nauyinta, ya ba kocinta gida da mota, sai idon mutumin nan ya rufe.

Ranar wata Talata da rana tsaka ya bi kwatancen wani boka da aka yi masa, ya shiga wani lungu a bayan mayanka. Ɗakin bokan ba taga. Ƙasa a jiƙe take, tana kama takalmi. An rataye tsummokara a bango, duk sun yi baƙi sun ƙandare, ƙudaje na bin su. A tsakiyar ɗakin akwai tukunya binne har wuya, an rufe bakinta da ɗanyar fata, kuma fatar tana ɗagawa tana sauka a hankali kamar cikin mai barci. Warin wurin ya tara wa Koci yawu a baki, amma ya haɗiye abinsa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, so nake kada a ci ni ko wasa ɗaya a kakar wasa ta bana."

Bokan, wani ƙanjamammen tsoho mai jiƙaƙƙen leɓe, ko ɗagowa bai yi ba. "Jesi nawa gare ku?"

"Takwas."

"Daga yau ruwa ba zai taɓa su ba. Duk wasan da kuka ci, ka matse guminsu a kwalba ka kawo wa tukunya da ɗuminsa."

"Shi ke nan? Ba jini, ba yanka?"

"Me zan yi da jini? Ga mayanka nan a bayana. Gumi nake so."

Koci ya gyara durƙuso. Ya tuna da 'yarsa Auta, mai shekara goma sha tara, wadda ke atisaye da ƙungiyar amma ba a yi mata rajista ba tukuna. "Ina da 'ya. Ita fa ba ta cikin wannan."

"Ni ban san 'yar kowa ba, riga na sani. Ka yarda ko ka tashi, kana tare mini iska."

"To su sauran yaran, ba abin da zai same su?"

Sai a lokacin tsohon ya dube shi, ya washe baki. "Da ka damu da su, ai da wannan za ka fara tambaya."

Ya yarda. Ya koma ya ce wa 'yan wasa wai wanke jesi na wanke sa'a, suka yi dariya suka ɗauka camfin koci ne kawai. Auta kuwa ya kore ta daga fili, ya ce ta je ta rungumi karatu. Kwana biyu tana kuka, shi kuma yana jin kansa uba nagari.

Suka ci wasa shida a jere. Ƙwallon da aka jefa a karkace sai ta lanƙwaso ta faɗa kwando. Bayan kowane wasa Koci zai kulle ɗakin canza kaya, ya tsuguna, ƙato da shi, yana matse hammatar rigunan mata a kwalba, wani ruwa mai kauri yana bin yatsunsa. Rigunan suka yi fumfuna, ƙuraje suka feso wa 'yan wasa a baya. Kyaftin, mai katin wayar nan, ta ce, "Koci, wallahi ba iyawarmu ke cin wasa ba, warinmu ne. Ba mai iya matsowa ya tare mu." Tun kaka ba ta ƙare ba kamfanin ya aiko masa da mota. Ya ajiye tumbi, ya sayi agogo mai ƙyalli, ya koyi ɗaga wa mutane hannu ta gilashi.

A wasa na tara abin ya fara. Telar nan da ake kira Bahaguwa, mai lamba shida, wadda ta fi kowa jefa ƙwallo, ta koma gida gumi bai tsaya mata ba. Ya jiƙa zane, ya jiƙa katifa. A asibiti aka yi ta ƙara mata ruwa yana fita ta fata, har ta bushe kamar ƙirare, ranar Alhamis ta cika. Koci ya je ta'aziyya ya matse ido, ranar Asabar kuma bayan wasa ya kai wa tukunya kwalbarta. Sai ma'aikaciyar jinyar ta haukace, tana gudu daga wannan ƙarshen titi zuwa wancan, hannuwa a sama, tana tare ƙwallon da ba kowa ke gani ba. Biyu kuma 'yan'uwansu suka janye su.

Saura wasa ɗaya a haye, saura 'yan wasa huɗu, doka kuma ta ce sai biyar. An rufe rajista tun farkon kaka. Amma a ƙananan rukuni akwai wata dabara da kowa ya sani: in 'yar wasa ba ta nan, sai a sa wa wata jesinta ta buga da sunanta, don alƙalin wasa lamba yake dubawa, ba fuska ba. Koci bai sanar da hukumar gasa rasuwar Bahaguwa ba. Ya zaga gari da rigar a leda, ba wadda ta yarda ta ko taɓa ta.

"A fasa, Koci," in ji Kyaftin. "Ni ma kwana uku ke nan jikina bai bushe ba."

Da ya koma gida ya zauna ya yi tagumi, Auta ta durƙusa a gabansa. "Baba, ni zan sa. Ka san na iya."

Uwarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, rigar matacciya za ka sa wa 'yarka? Ko wanke ta ba a yi ba!"

Ya san abin da bokan ya ce, bai manta ko kalma ɗaya ba. Amma ya hango makullin gidan nan, sai ya lallashi kansa cewa ai ba zai matse tata ba. "Minti arba'in ne kawai," ya ce, ya miƙa ledar.

Auta da hannun dama take jifa tun tana ƙarama. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci ta koma jifa da hagu, tana ɗage kafaɗa irin yadda marigayiyar ke yi. Kyaftin ta gani, ta fashe da kuka a tsakiyar fili. Suka ci wasan. Ana busa usur Koci ya ruga ya finciki rigar, sai yarinyar ta kurma ihu, don rigar ta manne da fatarta, ba a gane inda yadi ya ƙare.

Ya faɗa ɗakin bokan yana haki. "Ranka ya daɗe, kaka ta ƙare! Ka sake ta!"

"Taku ce ta ƙare," in ji tsohon. "Tukunya ba ta da usur."

Mako bai zagayo ba yayar Bahaguwa ta ga sunan ƙanwarta a takardar sakamako, wai ta ci maki talatin wata guda bayan an binne ta. Hukuma ta soke ƙungiyar, kamfani ya aiko aka ɗauke motar, uwar Auta ta daina yi masa magana har abada.

To, kai mai kwaɗayin hawa da gumin wasu, ka je ka leƙa ɗakin Auta kafin ka nemi kwatancen lungu. Za ka tarar da Koci a tsugune da tsumma da bokiti yana goge ƙasa, yarinyar na zaune a jiƙaƙƙiyar katifa, idanu sun zurma, hannun hagunta na dukan iska. Tun ranar wasan ba ta sake ce masa Baba ba. In ya matso, sai ta ɗago da ƙyar ta ce, "Koci, don Allah ka canza ni. Na gaji."