Hayar Shekara Uku

A ajin su Injiniya akwai wata yarinya da ba ta gani. Ana kiran ta Lauya, domin ba a taɓa kayar da ita a gardama ba. Shi kuma ana ce masa Injiniya saboda ya iya gyaran waya.

Yayar Lauya ce take karanta mata darussa a gida. A farkon zangon karatu yayar ta tafi jami'a. Ga jarrabawar ƙarshen shekara tana matsowa. Idan Lauya ta faɗi, za ta maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta.

'Yan ajin suka yi shawara. Kowa zai karanta darasi guda, a naɗi muryarsa. Sai a ɗora muryoyin a shafin intanet, Lauya ta riƙa saurare ɗaya bayan ɗaya, tunda wayarta ba za ta ɗauke su duka ba.

Malamin kwamfuta ya yi musu bayani. Ya ce, "Shafi kamar kaya ne, yana buƙatar ɗakin ajiya. Akwai kamfanonin da suke ba da hayar wuri a manyan kwamfutocinsu. Wasu da tsada, wasu da araha."

Yaran suka haƙura da sayen abinci a lokacin tara, suka haɗa abin da ya samu. Suka damƙa kuɗin a hannun Injiniya, domin yayansa yana da katin banki.

Malam ya ce masa, "Ka duba kamfanoni daban-daban, ka kawo mana abin da ka gani. Kada a biya komai tukuna."

"To, Malam," in ji Injiniya.

Ranar Asabar da rana ya zauna a falo da kwamfutar yayansa. Kamfani na farko da ya buɗe ya ɗauke masa hankali. An rubuta da jan rubutu cewa wanda ya biya hayar shekara uku gaba ɗaya zai sami babban ragi. A gefen rubutun akwai agogo yana ƙirga baya. Wai idan ya kai sifili, ragin ya ƙare.

Injiniya ya miƙe zumbur. "Yaya! Zo da katinka, maza!"

Yaya ya leƙo, ya duba. "Shekara uku? Me zai hana ku biya wata guda, ku ga kamun ludayinsu?"

"Wata guda ya fi tsada idan ka lissafa. Wannan kuwa kuɗinmu ya isa cif."

"Ka karanta sharuɗɗan?"

"Yaya, agogo yana tafiya!"

"Malaminku ya sani?"

Injiniya ya kau da kai. "Ni aka ba aikin," ya ce.

Yaya ya girgiza kai, ya karɓi kuɗin ajin, ya biya da katinsa.

Ranar Litinin Injiniya ya shiga aji yana taƙama. Ran Malam ya ɓaci da ya ji labari.

"Ba haka muka yi da kai ba," ya ce. "Amma tunda ka riga ka biya, ka ɗora murya guda yau, mu tabbatar tana aiki."

Injiniya ya amsa da to. Amma bai yi ba. Yana so ya ɗora muryoyin duka rana ɗaya, kowa ya yi mamaki. Sai ya shiga yi wa shafin kwalliya. Ya sa launin shuɗi, ya canza zuwa kore. Ya sa furanni a gefe. Ya sa taurari masu ƙyalli a saman sunan ajin. Duk lokacin da Malam ya tambaye shi, sai ya ce, "Komai lafiya, Malam."

Haka makonni suka wuce.

Da aka gama naɗar muryoyi, ajin ya taru a ɗakin kwamfuta. Lauya ta zauna a gaba, sandarta a kan cinya. Injiniya ya ɗora muryar farko, ta hau. Ya ɗora ta biyu, ta hau rabi, ta tsaya.

Ya sake gwadawa. Ta sake tsayawa. Sai wani saƙo ya fito, Malam ya karanta da ƙarfi. Wurin da aka kama na rubutu ne. Sauti kaɗan kawai yake ɗauka. Mai son ɗora sauti da yawa sai ya koma babban tsari, ya ƙara biya.



Malam ya rubuta wa kamfanin cewa a mayar musu da kuɗinsu. Amsa ta zo kafin a tashi. Ana mayar da kuɗi ne a cikin makonni biyun farko kawai, kuma sun wuce.

"Ɓarayi ne!" Injiniya ya daka tsawa. Ya buɗe shafin kamfanin don ya nuna musu. Sai ga jan rubutun nan. Ga agogon nan kuma, yana ƙirga baya kamar ranar farko.

"Ashe agogon ma ƙarya ne!" in ji Injiniya.

Wani yaro mai suna Dogo ya buga tebur. "Agogo ne ya danna, ko kai? Ni da na yi ta zama da yunwa har cikina yana kuka a darasin lissafi!"

"Ni sau biyar na maimaita darasin tarihi kafin muryata ta fita!" in ji monita. "Injiniyan banza!"

Hayaniya ta kaure. Malam ya ɗaga hannu, aka yi shiru. A nan Lauya ta miƙe.

"Malam, ina da tambaya." Ta juya inda take jin numfashin Injiniya. "Duk makonnin nan me kake yi?"

"Ina gyara shafin."

"Wane irin gyara?"

Dogo ya riga shi amsawa. "Furanni ya sa, da taurari masu ƙyalli."

Lauya ta yi wata dariya mai ɗaci. "Furanni. Taurari. To, wa zai gani? Ni?" Ta buga sandarta a ƙasa. "Shafin nan don ni aka yi ko don a yabe ka? Ko sau ɗaya ka taɓa tambaya ta abin da nake buƙata? Ku za ku wuce aji na gaba. Ni zan zauna da ƙannenku, ina sauraren darasin da na riga na ji. Ka ci taurarinka!"

Ta lalubi ƙofa ta fita. Ba ta yarda kowa ya riƙe mata hannu ba.

Injiniya ya isa gida yana huci. Ya jefar da jakarsa, ya nufi yayansa.

"Kai ka biya! Me ya sa ba ka hana ni ba?"

Yaya ya harare shi. "Kai, kula da bakinka. Tambaya nawa na yi maka? Wacce ka amsa da gaskiya?"

Baba ya fito daga ɗaki. Ya saurari labarin daga farko har ƙarshe, bai katse kowa ba.

"Baba, ka biya mana babban tsarin," in ji Injiniya. "Shi ke nan an huta."

"A'a."

"Baba, jarrabawarta fa!"

"Na ji. Amma babban tsarin ma ba ka san abin da ke cikinsa ba. Kana so ka ƙara wani kuskure a kan na farko." Baba ya dubi Yaya. "Kai kuma babba, kana da naka laifin. Yaro ya kau da kai lokacin da ka tambaye shi, kuma ka biya." Yaya ya sunkuyar da kai.

Baba ya ja kujera. "Buɗe sharuɗɗan. Ka karanta mini su da ƙarfi, tun daga layin farko."

"Suna da tsawo, Baba."

"Shekara uku ta fi su tsawo. Karanta."

Injiniya ya fara karantawa, fuska a murtuke. Ga maganar makonni biyu nan a rubuce. Ga maganar sauti. Ga kuma wani layi da ya ce bayan shekara ukun farashi zai tashi. Ba a ɓoye komai ba, an dai rubuta da ƙananan haruffa. Fushinsa ya fara komawa kansa.

Can kusa da ƙarshe ya tsaya. "Baba, sun ce rubutu ko nawa ne ana iya ɗorawa."

"To, zai amfani yarinyar?"

"Ban sani ba."

"Wa ya sani?"

Washegari ya tarar da Lauya zaune a kan benci a bakin aji. Ya tsaya nesa kaɗan.

"Na ji takun takalminka," ta ce. "Idan furanni ka kawo, koma da su."

"Haƙuri na zo ba ki. Na yi kuskure, kuma na yi wa Malam ƙarya." Ya matso kusa. "Sannan ina da tambaya. Rubutu zai yi miki amfani?"

Lauya ta juyo. "Sai yanzu? Wayata tana karanta rubutu da murya. Muryar kamar ta akuya mai mura, amma ba ta tsallake layi, ba ta kuma yin dariya a tsakiyar darasi kamar Dogo. Rubutu ma ya fi mini. Ina iya komawa inda ban gane ba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun farko?"

"Wa ya tambaye ni? Kun yi shawararku, kuka zo kuna murna. Kuma wa zai zauna ya buga darussan shekara guda?"

"Ni," in ji Injiniya.

Ya tsaya a gaban aji ya ba kowa haƙuri. Malam ya amince da sabon shirin, amma da sharaɗi. "Darasi guda tukuna. Lauya ta gwada."

Injiniya ya buga darasin farko, ya ɗora. Wayar Lauya ta fara karanta sunayen furanni da taurari kafin ta kai ga darasin.

"Cire tarkacen nan," ta ce.

Ya cire su duka. Shafin ya zama fari fat, sai baƙin rubutu. Wannan karon wayar ta karanta darasin tiryan-tiryan.

Daga ranar Injiniya ya daina zuwa filin ƙwallo. Da an fita tara sai ya shiga ɗakin kwamfuta. Yatsunsa suka yi ciwo. Da farko shi kaɗai ne. Daga baya monita ta zo ta karɓi darussan tarihi. Dogo ma ya zo, yana gunaguni, ya karɓi na lissafi.

Da sakamako ya fito, Lauya ta ci jarrabawa. Ita ce ta uku a ajin.

Ta nemi Injiniya a cikin hayaniyar murna. "Na yafe maka," ta ce. "Amma ka tuna, hayar shekara uku ka biya. Saura biyu da 'yan watanni. Littattafan aji na gaba sun fi waɗannan kauri."

Aka fashe da dariya, har da Malam.

A sabon zango ajin ya so ɗora muryoyin nan da aka naɗa, domin wani ƙaramin yaro a ajin da suka baro wanda shi ma ba ya gani. Injiniya ya fara da tambayar yaron abin da yake so. Yaron ya ce murya ya fi so. Ya kawo bayanin kamfanoni daban-daban. Ya karanta sharuɗɗansu a gaban aji. Suka biya wata guda kacal, suka ɗora murya guda a ranar, suka saurara.

Darasin da Injiniya ya koya shi ne wannan. Kada ka ɗaure kanka da dogon alkawari don araha ko don ana gaggauta ka. Ka karanta sharuɗɗa, ka gwada da kaɗan tukuna, kuma ka tambayi wanda ake yin aikin dominsa.