Gwanin da Ya So Hoto Tar-tar

A wani zamani, a wani gari, an yi wani gwanin wasan ƙwallo na bidiyo. Ba a taɓa cinye shi ba, amma kullum ƙorafinsa ɗaya: hoto bai fita ba.

Da gasar gari ta matso, ya sayo ƙatuwar talabijin, ya haɗa da tsohuwar na'urarsa, ya kira mai gyara.

"Malam Tanimu, ƙara wa hoton nan kyau."

Tanimu ya ƙara. Aka ga ciyawar fili ɗaya-ɗaya.

"Ƙara!"

Ya ƙara. Aka ga gumin 'yan wasa.

"Ƙara!"

"Yallaɓai, jakin fa ɗaya ne, kaya kawai muke labta masa. Na'urar za ta yi ɗingishi."

"Na ce ƙara!"

Ranar gasa kowa ya zo da na'urarsa da talabijin ɗinsa. Aka haɗa gwani da wata tela, Ladidi, mai 'yar ƙaramar talabijin. Gwani ya danna, hotonsa ya cije. Kafin ɗan wasansa ya ɗaga ƙafa, Ladidi ta zura ƙwallo huɗu.

Jama'a suka yi cincirindo a bayan gwani, suna ta santin hoto. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, madalla! Ban taɓa ganin an lallasa mutum tar-tar haka ba."