Ɗakin Gindin Lemo

"Ba zan zauna a Fagge ba, Halilu."

Morufat ta faɗi haka ƙafarta na kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Saura mako uku ɗaurin aurensu, an kai lefe, an sa rana, amma har yau ba a san inda za a kai amarya ba.

Halilu ya jingine sabon babur ɗinsa na kuɗin ƙarin albashin Udoji a bakin shagonta, ya shigo ya zauna a benci.

"Haba masoyiya... jiya fa kin ce za ki yi tunani."

"Na yi. Tunanin ne ya ce Sabon Gari."

Wannan gardama ta kai wata biyu suna yinta, har kowa ya haddace karatun ɗan'uwansa. Ita takan ce titunan Sabon Gari a miƙe suke, ga famfo a tsakar gida, ga lantarki, ga bene mai ɗaki biyu da aka samu a layin mahaifiyarta, taku kaɗan zuwa shagonta. Shi kuma ya ce a Fagge ga masallacin Juma'a, ga Kwari inda take sayen yadi, ga maƙwabtan da in ba su ga hayaƙi a gidanka ba sai sun aiko da kwano. Sun leƙa Gwagwarwa, ta ce ta yi nisa. Sun duba Tudun Wada, ya ce bai san kowa ba. Har neman canjin wurin aiki ya yi niyyar yi a ma'aikatar ilimi, a mayar da shi Bichi ko Wudil kowa ya huta, ta ce ta gode, ba ta koyi ɗinkin zamani don ta je ta yi wa awaki ba.

Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne tsoro take ji. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan birni daɗi, amma ta san in ta shiga Fagge sunanta Bayarabiyar Halilu har ta mutu. A Sabon Gari kuwa ita ce Morufat mai ɗinki, 'yar Alhaja Sherifat mai atamfa, kuma tana alfahari da hakan ƙwarai.

Iyaye mata su ma sun kafe. Inna Nana, mahaifiyar Halilu, ta ce ɗanta ba zai bar gidan ubansa na Fagge ba. Alhaja Sherifat kuwa sau uku ana aiko mata a zo ganin ɗaki, kamar yadda dangin amarya kan je su auna bango kafin jere, sau uku tana kawo uzuri. Yau ciwon ƙafa, gobe kaya sun iso tasha.

Washegari sai ga Ummakulsum, 'yar ƙanin mahaifin Halilu, wadda ta daɗe tana lissafin ita ce amaryar gidan. Ta zo da yadi wai a ɗinka mata riga. Ana cikin awo ta sako zancen, murya ƙasa-ƙasa irin ta mai tausayi: akwai sabon ɗaki na siminti a gidan, amma Inna ta rufe shi, ta sa an share tsohon ɗakin 'yan haya na can ƙurya, gindin lemo, ta ce nan za a sa amarya.

"Ni dai na ga bai kamata a ɓoye miki ba," in ji ta.

Morufat ta gama awon tsaf, ta rubuta, ta sallame ta da fara'a. Ummakulsum na fita, Morufat ta rufe shagon. Amarya ba ta zuwa ganin ɗakinta, kowa ya san wannan. Amma ta yafa gyale, ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta tsallaka titi da rana tsaka ta nufi Fagge, zuciyarta na tafasa.

Ta tarar da Inna Nana a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce labule ta zo aunawa. Tsohuwar ta dube ta.

"Uwarki ba ta da ƙafa ne, sai ke?"

"Inna, in ba kya so na ne, ki faɗa mini. Ba sai an sa ni ɗakin 'yan haya ba."

Inna Nana ta ajiye faifan, ta miƙe, ta ce ta biyo ta. Ɗakin ƙarami ne, an yi masa sabon daɓe da farar ƙasa, reshen lemo ya sunkuyo har kan rufinsa. Tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa ta ba ta labarin da ba wanda ya taɓa ba ta.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Musiliu ya sauka a tasha da matarsa, cikinta wata takwas, ba ta jin ko "zo" da Hausa. Wannan ɗakin suka kama. Ranar naƙuda mijin yana Nguru, ba uwa, ba 'yar'uwa. Nana ce ta karɓi haihuwar. Ita ta dafa ruwan wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, ta dama kunun kanwa, ta gasa jaririya. Shekara biyu suna cin tuwo a kwano ɗaya. Da Musiliu ya samu ƙarin girma suka koma Sabon Gari, Sherifat ta ce za ta dawo Juma'a mai zuwa.

"Har yau Juma'ar ba ta zo ba," in ji Inna Nana. "Tsakaninmu titi ɗaya ne, 'yar nan. Titi ɗaya."

Ta nuna gindin lemon da ɗan yatsa.

"Cibiyarki tana nan. Da hannuna na binne ta. Ranar da Halilu ya faɗi sunan uwarki na san ko ke wace ce. Na zaɓi ɗakin nan ne don in ga ko za ta iya shigowa ta auna bangonsa ta dubi idona."

 Kunya ta kama Morufat, irin wadda ba ta taɓa ji ba, sai kuma wani farin ciki ya biyo baya har ta rasa wanne za ta yi wa kuka. Ta zauna a dokin ƙofar ta yi wa duka biyun.

A kasuwa ta sami mahaifiyarta tsakanin tulin atamfofi, ana ciniki. Ta jira mai saye ta tafi, sannan ta ce daga gindin lemo take. Alhaja Sherifat, wadda ko Kwarori masu kantunan Kwari ba sa ɗaga mata murya, ta sunkuyar da kai. Ta ce da farko hidima ce ta hana ta, shekara ta zagayo sai kunya ta karɓa, kowace shekara kunyar na ƙara nauyi. Har hanya takan canza in za ta Kwari don kada ta bi ta ƙofar gidan.

"Da wane ido zan kalle ta?"

"Da wanda kika kalle ta ranar da kike naƙuda, Mama. Tashi mu je."

Suka je kafin la'asar. Alhaja ta cire takalmi tun daga zaure, ta zube gwiwa biyu a tsakar gida da gwala-gwalanta da komai, ta ce, "Yaya Nana..." Inna Nana ta yi niyyar shan kunu, ta ma fara, amma ba ta kai ko'ina ba. Ta ɗago ta tana faɗa tana hawaye, wai ji yadda ta yi ƙiba, ba ta ko aiko a taya ta ci ba. Ummakulsum da ke leƙe ta taga ta saki labule a hankali.

Halilu ya dawo daga ofis ya tarar da tsofaffi biyu suna auna bango da tef, suna gardamar inda gado zai zauna. Morufat ta same shi a zaure.

"Na zaɓa," ta ce. "Fagge."

"Famfon fa? Da benen?"

"Famfo kai za ka jawo, ranka ya daɗe. Shagona kuma yana nan a Sabon Gari, kullum da safe ka sauke ni."

"Ko a kafaɗa ne, hasken idona."

Inna Nana ta jiyo su daga ciki, ta ce famfo dai a jawo, amma ruwan jego in lokaci ya yi da itace za ta dafa shi, kamar na wancan karon. Ta kuma ce a buɗe wa amarya ɗakin siminti. Morufat ta ce a bar shi a rufe, na gindin lemo take so.

Ranar kai amarya motoci suka taso daga Sabon Gari da gangunan Yarbawa, kalangu ya tare su a bakin Fagge. A ƙofar gida wata tsohuwar maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, ta ce a matsa wa baƙuwa ta shiga da ƙafar dama.

Morufat ta ɗan ɗaga mayafi, abin da amarya ba ta yi, ta dube ta da murmushi.

"Ba baƙuwa ba ce, Baba. A gidan nan aka haife ni."